Tarihin Victor Vasarely, mai zanen da ya so hajarsa ta shiga kowane gida

A filinmu na tarihin mashahuran mutane yau za mu leƙa ƙasar Faransa, mu ɗauko labarin wani mutum wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa sun sha ganin aikin hannunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tsohuwar mota ƙirar Renault a tashar Maraɗi ko ta Ƙonni ko ta Garwa, ya ga tambarin nan mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan tsininsa, wanda aka ja da layuka baƙi da fari kamar an lanƙwasa ƙarfe. Wannan tambari da kamfanin ya yi amfani da shi daga 1972 zuwa 1992 aikin Victor Vasarely ne shi da ɗansa. Amma ba mota ce ta sa muka ɗauko shi ba. Mun ɗauko shi ne saboda wata tambaya da ya shafe rayuwarsa yana kokawa da ita, wadda kuma kowane mai rumfa a kasuwa ya san ta: shin gara kaya ɗaya tak mai tsada wanda attajiri kaɗai zai iya saye, ko kuwa kaya dubu masu sauƙin kuɗi da kowa zai kai gida? Vasarely ya zaɓi na biyu, a cikin sana'ar da tun asali aka gina ta a kan na farko.

An haife shi ranar 9 ga watan Afrilu na 1906 a garin Pecs da ke kudancin ƙasar Hangari, lokacin da ƙasar ke haɗe da Ostiriya ƙarƙashin sarki ɗaya. Sunansa na yanka Gyozo Vasarhelyi, sai da ya koma Faransa ya sassauta shi yadda bakin Faransawa zai iya faɗa. A 1925 ya shiga jami'ar Budafes don karatun likita, bayan shekara biyu ya ajiye ya koma koyon zane. Makarantar da ta juya masa tunani ita ce wadda ya shiga a 1929, ta wani malami mai suna Sandor Bortnyik. Shi wannan malami ya zauna a garin Weimar na Jamus kusa da shahararriyar makarantar Bauhaus, ya kuma dawo gida da koyarwarta, wato cewa mai zane ba wani waliyyi ba ne da ke zaune shi kaɗai yana jiran ilhama, ma'aikaci ne kamar magini da masaƙi da mai ɗab'i, kuma ya kamata aikinsa ya dace da inji. A wannan makaranta ba hoton sarakuna ake koya ba, ana koyon tsara takardar talla ne da haruffa da launi. A nan kuma ya haɗu da wata ɗaliba, Klara Spinner, wadda ya aura, aka fi saninta daga baya da Claire.

A 1930 ya sauka Paris. Shekara goma sha huɗu da suka biyo baya bai yi su a matsayin wani babban mai fasaha ba, ya yi su ne yana zanen talla ga kamfanoni irin su Havas da Draeger da Devambez, yana ciyar da iyali, domin an haifa masa ɗa André a 1931, da Jean-Pierre a 1934. Masu rubuta tarihinsa kan wuce waɗannan shekaru da sauri. Mu a ganinmu nan ne tushen komai. Mai zanen talla ya san cewa takardar da ya zana da hannunsa ba ita ce kaya ba, kayan su ne kwafi dubu goman da injin zai fitar a manna a bango. Ya san tawada, ya san takarda, ya san abin da ke tsayar da idon mai wucewa cikin daƙiƙa guda. Vasarely bai taɓa rabuwa da wannan tunani ba har ya mutu.

A cikin waɗannan shekaru ne, wajen 1937, ya yi zanen jakunan dawa biyu da suka sarƙe da juna. Babu layin da ya zagaye jikinsu ya nuna ga kai ga ƙafa. Ratsi ne kawai fari da baƙi, amma saboda yadda ratsin ke lanƙwasa yana faɗi yana tsukewa, ido da kansa yake haɗa dabbar. Yau ana lissafa wannan zane cikin na farko-farkon abin da aka zo aka kira zanen ruɗin ido.

Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu yana tare da wata mata mai suna Denise René, wadda suka haɗu a wani gidan shan gahawa na Paris a 1939. Tana da ɗaki a titin La Boétie inda ake sana'ar kayan ado. A 1944, bayan an kori sojan Jamus daga birnin, suka mayar da ɗakin shagon baje kolin zane, kuma da kayan Vasarely aka buɗe shi. Wannan mata ta zama dillaliyarsa ta shekaru masu yawa, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san abin da dillali nagari yake yi wa kaya. Shi kuwa ya ɗan yi shekaru yana laluben hanya, yana gwada salon wasu, abin da daga baya shi da kansa ya ɗauka ɓatan kai ne.

Abubuwa uku ne suka dawo da shi kan turba, kuma dukkansu ƙanana ne da kowa ke takawa ya wuce. Na farko duwatsun bakin teku da ruwa ya goge suka yi sumul, waɗanda ya tsinta a tsibirin Belle-Île a 1947. Na biyu gidajen dutse na ƙauyen Gordes a kudancin Faransa, inda ya je a 1948 ya ga yadda taga ɗaya take baƙa ƙirin idan kana waje cikin rana, ta koma fara fat idan kana cikin ɗaki. Na uku tsagewar tayil ɗin bangon tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Denfert-Rochereau a Paris. Daga nan ya bar zana mutum da dabba da itace, ya koma siffofi tsantsa: da'ira, murabba'i, alwatika, layi.

Ba shi ya fara wannan ba. Tun 1915 wani Barashe, Kazimir Malevich, ya baje zanen baƙin murabba'i a kan farin fili ba tare da ƙarin komai ba, aka yi ta cece-ku-ce. Piet Mondrian ɗan ƙasar Holan ya yi suna da baƙaƙen layuka da gidaje ja da shuɗi da rawaya. Turawa sun ɗauki abin a matsayin juyin juya hali, domin sun yi ɗaruruwan shekaru suna auna gwanintar mai zane da yadda ya kwaikwayi fuskar mutum. Mu da muka tashi muna ganin adon bangon gidajen Damagaram da Zariya, da aska takwas a gaban babbar riga, da saƙar faifai da tabarma, ba sai an yi mana dogon bayani ba cewa siffa da launi kaɗai sun isa su ƙayatar. Abin da Vasarely ya ƙara a kan na magabatansa shi ne motsi. Ya ɗauki murabba'in Malevich ya ɗan karkata shi, sai ya zama kamar ƙofa ce ke buɗewa, kuma ya yi shekaru daga 1952 yana maimaita wannan aiki da sunan girmama Malevich. Zanen yana nan daram a bango, amma idon mai kallo ba ya samun wurin zama.

A watan Afrilu na 1955 shagon Denise René ya shirya wani baje koli mai suna Le Mouvement, wato motsi, inda aka haɗa Vasarely da Alexander Calder da Marcel Duchamp da matasa irin su Jesus Rafael Soto da Yaacov Agam da Jean Tinguely. An raba wa mahalarta wata takarda rawaya mai ɗauke da bayanin Vasarely, kuma launin takardar ne ya zame mata suna har yau. Abin da ya kafa a ciki ya taɓa aljihun masu sana'ar kai tsaye. A ganinsa zamanin zane ƙwaya ɗaya da mutum ɗaya zai saya ya kulle a falonsa ya wuce. Darajar aiki tana cikin tsarin da mai fasaha ya ƙirƙiro ne, ba cikin shafar hannunsa ba, saboda haka ana iya sake yin aikin, a ninka shi, a watsa shi, kuma kowane kwafi yana da cikakkiyar daraja.

Bai tsaya ga magana ba. Ya ƙirƙiro abin da za mu kira baƙaƙen zane, kamar yadda ake da baƙaƙen rubutu. Kowane baƙi murabba'i ne mai launi ɗaya, a cikinsa akwai wata siffa mai wani launin, da'ira ce ko ƙwai ko ƙaramin murabba'i. Kowane launi kuma yana da matakai daga mai haske zuwa mai duhu, kowane mataki da lambarsa. A 1959 ya yi wa wannan tsari rajistar mallaka kamar yadda ake yi wa sabon inji. Daga 1961 ya koma garin Annet-sur-Marne a gabashin Paris, inda yake zama da takarda mai gida-gida irin ta lissafin ƴan makaranta, yana rubuta lamba a kowane gida. Idan ya gama sai ya miƙa wa mataimakansa, su shafa fenti bisa ga lambobin. Masu suka suka ce ai wannan masana'anta ce, ba fasaha ba. Mu dai mun san cewa babban maɗinki shi ke zana aikin wuyan riga, yaransa su bi da allura, kuma babu wanda ya taɓa cewa rigar ba tasa ba ce. Tun a wancan lokaci Vasarely ya hango cewa wata rana kwamfuta ce za ta riƙa wannan lissafi.

To, yanzu bari mu tsaya kan yadda ake ninka zanen, domin nan ne kasuwar take. Hanyar da ya fi dogara da ita Faransawa na kiranta serigirafi, mu kuwa za mu ce bugun rariya. Duk wanda ya taɓa kai riguna a buga musu sunan ƙungiya ko hoton ɗan takara ya ga ƙanwar wannan sana'a. Ana ɗaure ƙyalle mai laushi, siliki a da, nailan daga baya, a jikin katako mai kusurwa huɗu har ya yi tauri kamar fatar ganga. Sai a toshe ramukan ƙyallen ko'ina ban da inda ake son tawada ta wuce. A shimfiɗa takarda a ƙasa, a zuba tawada a sama, a ja ta da katako mai bakin roba. Tawadar ta ratsa inda aka bari a buɗe ta zauna a takarda.

Wahalar ita ce kowane launi da rariyarsa. Idan zane yana da launi 20, takarda ɗaya sai ta shiga ƙarƙashin rariya sau 20, kuma kowane karo sai an jira ta bushe. A misali, idan kwafi 250 ake so, an ja roba sau 5,000 ke nan, ban da waɗanda suka lalace. Kuma dole kowane launi ya faɗa daidai wurinsa, domin a zanen Vasarely siffa tana manne da siffa, idan aka goce ko da kaurin gashi ne sai farin layi ya fito tsakani, aikin ya tashi a banza. Shi ya sa sunan mai bugu yake da nauyi a wannan kasuwa. Wanda ya yi fice wajen buga wa shagon Denise René shi ne Wifredo Arcay, mutumin Kuba da ya kafa wurin aikinsa a Paris.

Akwai dalilin da ya sa wannan hanya ta dace da zanen siffofi fiye da kowane irin zane. Hoton fuskar mutum da aka yi da buroshi yana da tudu da kwari na fenti, launi na narkewa cikin launi, idan aka buga shi a takarda dole wani abu ya ɓace. Zanen Vasarely kuwa launi ne shimfiɗaɗɗe mai kaifin baki, babu sawun buroshi tun asali. Abin da rariya ke bayarwa ke nan daidai. Saboda haka takardar da aka buga ba hoton zanen ba ce, kusan zanen ne da kansa a wani jiki.

Idan an gama bugu, mai zanen yana duba kowace takarda, ya sa hannu da fensir a ƙasa ta dama. A hagu kuma a rubuta lamba biyu da layi tsakaninsu, misali 37/250, ma'ana wannan ita ce ta 37 cikin 250 da aka buga. Akwai ƴan kaɗan da ake warewa na mai zanen, a rubuta musu haruffan E.A. maimakon lamba. Wannan rubutun fensir shi ne kamar rubutun bakin atamfa da mai saye ke juyawa ya karanta kafin ya yi tayi. Ban da waɗannan kuma akwai fastoci da injin ɗab'i na yau da kullum ke fitarwa babu iyaka, irin waɗanda kamfanin Griffon na Neuchâtel a Suwizalan ya buga tare da littattafansa. Su ma halal ne, amma ba ajinsu ɗaya ba. Masana na bambanta su da madubin ƙara girma: a fosta launi ɗige-ɗige ne ƙanana da suka taru, a bugun rariya kuwa launin a cike yake, tawadar ma tana da ɗan kauri a kan takarda. Sa hannun da ke jikin fosta sau da yawa inji ne ya buga shi tare da zanen.

A nan muke ganin Vasarely ya taka igiya biyu. Ya ce zane na kowa ne, amma lambar nan ta ƙasan layi aikinta shi ne ta tabbatar wa mai saye cewa ba kowa ne zai samu ba. Idan da gaske kowane kwafi daidai yake da ɗan'uwansa, me ya hana a buga miliyan? Abin da ya hana shi ne farashi. Ya so ya rushe tsadar da ƙarancin kaya ke kawowa, amma da ita dillalansa ke cin abinci, shi ma da ita ya tara dukiyar da ya yi manyan ayyukansa. Bai warware wannan ƙulli ba, kuma ba mu ga wanda ya warware shi bayansa ba.

Shekarun 1960 nasa ne. A 1964 mujallar Time ta Amurka ta yaɗa sunan da aka laƙaba wa salon, Op Art. A 1965 babban gidan adana zanen zamani na birnin Niyok ya yi baje kolin The Responsive Eye, mutane fiye da 180,000 suka shiga kallo, kuma a wannan shekara ya sami babbar kyautar baje kolin Sao Paulo a Burazil. Kafin a ce kwabo masu masaƙu sun kwashe salon sun zuba a yadi. Wata Baturiyar Ingila mai irin wannan zane, Bridget Riley, ta fusata ƙwarai da ta ga an buga aikinta a rigunan mata ba da izininta ba. Masu sayar da atamfa sun san wannan ciwo, sabon zubi ya fito yau, bayan wata biyu kwaikwayonsa ya cika kasuwa a rabin kuɗi. Shi Vasarely aƙidarsa tun farko ita ce zane ya fita titi, saboda haka da ƙafarsa ya shiga harkar: kwanukan tangaran na kamfanin Rosenthal a Jamus, bangon tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse a 1971, fuskar ginin gidan rediyon RTL a Paris, da tambarin motar da muka ambata, wanda ya yi tare da ɗansa Jean-Pierre, mai zane shi ma da aka sani da Yvaral. Daga 1968 ya fito da jerin da ake kira Vega, inda gidajen murabba'i ke kumbura a tsakiya har ka rantse ƙwallo ce za ta faɗo daga bango, alhali takardar a shimfiɗe take. A 1982 ma ɗan sama jannatin Faransa Jean-Loup Chrétien ya tafi da wasu takardun bugunsa sararin samaniya, aka dawo da su aka sayar don amfanin hukumar UNESCO.

Kuɗin da ya samu bai tara su a banki ba. A 1970 ya gyara tsohuwar fadar ƙauyen Gordes ya buɗe gidan nuna ayyukansa. A 1971 gwamnatin Faransa ta amince da gidauniyar da ya kafa shi da matarsa a matsayin ta amfanin jama'a. Sannan da kuɗin aljihunsa ya gina mata mazauni a garin Aix-en-Provence, gini mai ɗakuna 16 masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, fuskarsa manyan da'irori da murabba'ai baƙi da fari, cikinsa kuwa ayyuka fiye da 40 masu tsayin bango. An buɗe shi a watan Fabrairu na 1976. Nufinsa shi ne magina da masu tsara birane su zo su ɗauki darasi, domin yana ganin dogayen gidajen siminti da ake zuba talakawa a ciki a bayan biranen Faransa suna kashe zuciya, kuma launi haƙƙin mazauna cikinsu ne. A wannan shekara aka buɗe masa gidan tarihi a garin haihuwarsa Pecs, a 1987 kuma wani a Budafes. Ya ba gidauniyar kyautar zanensa na asali masu ɗimbin yawa da tarin takardun bugu.

Daga nan rana ta fara yin sanyi. Yayi dai ba ya zama. Zuwa shekarun 1980 abin da jiya ake kira sabo ya zama kayan ɗakin jiran likita da zauren banki. Takardun bugunsa sun yi yawa a kasuwa, bugu bayan bugu, ga fastoci, ga na jabu da ɓata-gari suka cusa ciki suna kwaikwayon sa hannunsa. Mai saye ya kasa sanin wanne ne wanne, kuma idan shakka ta shiga kaya, mai kyau da marar kyau tare suke faɗuwa. Manyan masu sharhin fasaha, waɗanda dama ba su yafe masa shiga kasuwa ba, suka juya masa baya.

Abin da ya fi wannan muni a cikin gida ya faru. A 1981 aka damƙa shugabancin gidauniyar ga Charles Debbasch, malamin shari'a kuma tsohon shugaban wata jami'a a Aix, ya riƙe ta har 1993. Iyalin Vasarely suka kai shi ƙara kan cewa zane da kuɗi sun salwanta a hannunsa. An daɗe ana shari'a, daga ƙarshe a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta same shi da laifin cin amana ta yanke masa shekara biyu, ɗaya ta zaman kaso, ɗaya ta jeka-ka-gyara-halinka, ko da yake shi bai taɓa amsa laifin ba. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Lome wataƙila sun san sunan, domin shi ne Bafaranshen nan mai ba shugaba Gnassingbé Eyadéma shawara kan dokoki, ya kuma ci gaba da wannan aiki a zamanin ɗansa Faure. Ya mutu a 2022.

Claire ta mutu a 1990, sai maganar gado ta taso. Dokar Faransa ba ta barin mahaifi ya kyautar da dukiyarsa duka ya bar ƴaƴa hannu wofi. Mai ƴaƴa biyu kashi ɗaya cikin uku kaɗai yake da ikon bayarwa, abin da ba zai zama baƙo ba ga wanda ya san iyakar wasiyya a wajenmu. Aka ce kyautar da iyayen suka yi wa gidauniyar ta haura wannan iyaka. A 1995 aka yi wani zaman sulhu a wajen kotu, wanda sakamakonsa ya sa aka kwashe zanen asali kusan 400 daga hannun gidauniyar aka ba magada. Gidan Gordes ya rufe a 1996. Ginin Aix ya zama kango mai yoyo, sai manyan ayyukan da ke manne da bango waɗanda ba su ɗaukuwa. Duk wannan ya faru ne mai kayan yana raye, amma tsufa da ciwon mantuwa sun riga sun ci ƙarfinsa, har kotu ta sa a riƙa kula da al'amuransa. Ya mutu a Paris ranar 15 ga watan Maris na 1997, saura ƴan makonni ya cika shekara 91. Yvaral ya bi shi a 2002.

Jikansa Pierre, ɗan Yvaral, shi ya ɗauki rigimar, ya zama shugaban gidauniyar a 2009. A 2013 gwamnati ta sa ginin Aix cikin gine-ginen tarihi da doka ke karewa, aka shiga gyara. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke sulhun 1995 bisa cewa an gina shi kan maguɗi, kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2015. Sai dai hukunci a takarda daban, dawo da kaya daban, domin zanen sun riga sun watsu, wasu an sayar, wasu sun haye teku.

Sunansa kuwa ya sake tashi. A 2019 cibiyar Pompidou ta Paris ta yi masa babban baje koli, matasan da suka tashi da kwamfuta suka ga cewa wannan tsoho ya yi da fensir da takarda mai gida-gida abin da su suke yi da inji. A gidajen gwanjo na Turai zanensa na asali a kan ƙyalle yana kai dubban ɗaruruwan yuro. Takardar bugun rariya mai lamba da sa hannun fensir kuwa ana samunta daga ɗaruruwan yuro zuwa ƴan dubbai, kuma yuro 1,000 kusan jaka 656 ke nan na sefa. Fosta marar lamba kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wato kasuwa ta mayar da kayansa aji uku, daidai irin rabon da ya tashi rushewa a 1955.

Neman zanen da suka bar gidauniyar bai ƙare da hukuncin 2015 ba. A watan Afrilu na 2023 jami'an tsaron Amurka, bisa buƙatar alƙalan Faransa, sun shiga wani gini a birnin San Juan na tsibirin Puerto Rico, suka kwashe zane fiye da 100 na Vasarely da na ɗansa Yvaral.